Ɗanyen Jiki: Tarihin Jini da Zuciyar Mai Jego, daga Zariya zuwa Tudun Wadan Jos

A Tudun Wada ta Jos, idan hunturu ya kankama, ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan dalilin wankan jego ba. Garin yana bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200, kuma akan yi asubahin da sanyi zai ratsa bargo ya taɓa ƙashi. A gidan da aka yi haihuwa za ka tarar da rabin duro a kan murhu tun kafin gari ya waye, ruwa yana tafarfasa, wata dattijuwa riƙe da damin ganyen darbejiya tana tsomawa tana fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi, tururi ya turnuƙe makewayi har ba a ganin bango. Unguwar ta tara ƙabilu da addinai, kuma ba kowane gida ne ke bin tsarin Zazzau ko na Kano sau da ƙafa ba, amma da Hausa ake faɗin dalilin: jikinta ɗanye ne, sai an gasa shi kwana arba'in, kada sanyi ya shige ta. Likitancin zamani ya daɗe yana yi wa wannan magana kallon camfi. Ni kuwa a ganina tarihin binciken ya nuna wani abu daban. Tsofaffin sun dace a lissafin kwanaki, sun kuskure a dalili da magani. Likitoci kuma sun yi shekaru suna tuhumar tukunyar ruwan zafi, alhali babban abin da ke sa jikin ya zama ɗanye yana gudana ne a cikin jini, inda sinadaran jinsi suke juya ma'aunin daskarewarsa a daidai lokacin da zuciya ta fi galabaita.

Mu fara da abin da ciki yake yi wa jini. Mabiyiya tana zuba istirojin da furojestaron a jikin mai ciki da yawan da ba ta taɓa gani ba a rayuwarta. Istirojin yana isa hanta, ita kuwa hanta ita ce masana'antar sinadaran da ke sa jini ya daskare, sai ta ƙara ƙera su, musamman fibirinojin, a lokaci guda kuma wani birki na jini da ake kira furotin S ya yi ƙasa. Wannan ba ɓarna ba ce, tanadi ne. A watan ƙarshe, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti, kuma ranar da mabiyiya ta ɓalle daga bangon mahaifa sai ta bar rauni mai faɗin tafin hannu da bakunan jijiyoyi a buɗe. Shi ya sa jinin mace yake shirya daskarewa da sauri tun kafin ranar. Sai dai tanadin ba ya janyewa ranar da aka yanke cibiya. Istirojin yakan faɗi warwas cikin 'yan kwanaki, amma jinin yana ɗaukar kimanin mako shida kafin ya koma yadda yake, wato kwana 42, kwana biyu kacal tsakaninsa da arba'in ɗin da kakanni suka ƙayyade. A cikin waɗannan makonni haɗarin gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa ko ta huhu yakan ninka na macen da ba ta da ciki har kusan sau ashirin. Wani bincike da aka buga a 2014, kan mata kimanin miliyan 1.7 da suka haihu a jihar Kalifoniya, ya nuna ragowar haɗarin yana kaiwa mako goma sha biyu.

Tun a shekarun 1850 Bajamushen nan Rudolf Virchow ya aza harsashin fahimtar yadda gudan jini ke tashi daga ƙafa ya je ya toshe huhu, kuma har gobe ɗaliban likitanci suna haddace abubuwa uku da ake jingina wa sunansa: jinin da ya yi saurin daskarewa, jijiyar da ta ji rauni, da jinin da ya daina gudu ya kwanta. Mai jego ta haɗa biyun farko tun daga ɗakin haihuwa. Na ukun yana zuwa idan aka kwantar da ita ba motsi, ko kuma, abin da ya fi muni, idan zuciyarta ta kumbura ta kasa matsa jini da ƙarfi, har jinin ya riƙa taruwa a lungunanta kamar ruwan kududdufi.

A nan ne Zariya ta shiga tarihin likitancin duniya. A 1969 Eldryd Parry, likita ɗan Birtaniya, ya zo sabuwar makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka tarar da abin da littattafansu suka ce ba kasafai ake gani ba, amma ga shi ya cika gadajen asibiti: mata matasa, makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu da ciki sun kumbura, suna haki, ba sa iya kwanciya sai a zaune. Shi da Neil Davidson suka bi mata 224, suka buga cikakken rahoto a 1978. Ƙiyasin lokacin shi ne kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin Zariya tana kamuwa, adadin da ba a taɓa jin irinsa ba a ko'ina. Sun lura ciwon ya fi yawa a watannin zafi da damina, sun kuma shiga gidaje sun ga abin da ake yi: wanka sau biyu a rana da ruwan da ya kusa tafasa, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa kwarya guda don nono ya kawo. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Cadi, cike take da sodiyam, wato sinadarin da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki. Bayanin ya yi kyau ƙwarai: gishiri ya cika jijiyoyi da ruwa, zafi ya buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, sai ta gaza. A 1979 John Sanderson da abokansa, ciki har da likitocin Najeriya Adesanya da Anjorin, suka auna zukatan wasu daga cikin matan da na'urar hoto, suka ga da dama tsokar zuciyarsu ba ta mutu ba, nauyin ruwa ne ya fi ƙarfinta. Aiki ne na ƙwarai, kuma ba zan rage masa daraja ba. Illarsa ɗaya ce: ya yi daɗin faɗi. Littattafan likitanci a Turai da Amurka suka ɗauki labarin, har ya zama duk inda aka ambaci Bahaushiya da ciwon zuciya sai an ambaci kanwa, kamar an rufe shari'a.

A daidai shekarun da ake wannan a Zariya, Turawa suna koyon darasin istirojin da jini ta hanya mai ɗaci, kuma su ma wani labari mai daɗin faɗi ne ya ja su. Sun lura mata ba sa kamuwa da toshewar jijiyar zuciya kamar maza sai bayan al'ada ta ɗauke, sai suka yanke hukunci cewa istirojin garkuwar zuciya ne. A 1960 Amurka ta amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta farko, Enovid, mai ɗauke da maikurogiram 150 na istirojin. Shekara ɗaya bayan haka wani likitan karkara a Ingila mai suna Jordan ya rubuta wa mujallar Lancet labarin wata ma'aikaciyar jinya da gudan jini ya toshe wa huhu tana kan shan maganin. Rahotanni suka yi ta taruwa har a ƙarshen 1969 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta ce kada istirojin ɗin ƙwayar ya wuce maikurogiram 50, kuma a 1970 Majalisar Dattawan Amurka ta zauna sauraron ba'asi a kai. Amma imani da garkuwar bai girgiza ba. A 1966 an fara wani babban gwaji a Amurka kan maza 8,341 da suka taɓa samun bugun zuciya, aka ba wasunsu istirojin don a ara musu sa'ar mata. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: a 1970 aka dakatar da rukunin masu shan miligiram 5 saboda ƙaruwar bugun zuciya da gudajin jini, a 1973 aka dakatar da na miligiram 2.5.

Duk da haka aka ci gaba da ba miliyoyin mata da al'adarsu ta ɗauke maganin istirojin mai suna Premarin, wanda daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, ana ce musu yana kare zuciya. Hujjar ita ce matan da ke sha sun fi waɗanda ba sa sha lafiyar zuciya, ba a tsaya an auna cewa masu shan su ne dama masu hali da ilimi da likita a kusa ba. Sai da aka raba mata ta hanyar ƙuri'a gaskiya ta fito. Gwajin 1998 kan mata 2,763 masu ciwon zuciya bai ga kariya ba, sai ƙarin gudajin jini. A watan Yulin 2002 aka tsayar da gwajin mata 16,608 kafin lokacinsa: a cikin kowace mata 10,000 a shekara, haɗin maganin da wani nau'in furojestaron ya ƙara bugun zuciya 7, shanyewar ɓarin jiki 8, da toshewar huhu 8. Daga baya an gane shekarun mace suna da tasiri, kuma istirojin ɗin da ake mannawa a fata, da yake ba ya fara bi ta hanta, bai kai na haɗiya tayar da jini ba. Ko maza ba su tsira ba, don babban gwajin testostaron, sinadarin jinsin maza, da aka buga a 2023 bai nuna ƙarin bugun zuciya ba, amma ya nuna ɗan ƙarin toshewar huhu. Abin lura ga mai karatu a Jos shi ne kuskuren iri ɗaya ne da na labarin kanwa: an ga abu biyu suna tafiya tare, aka ɗaura musu aure.

Labarin Zariya kuwa ya soma tsagewa ta gefe-gefe. Tun 1971 wani likita mai suna Demakis ya siffanta ciwon a Cikago, a tsakanin matan da ba su taɓa ganin kanwa ba. A karkarar Haiti an same shi kusan ɗaya cikin haihuwa 300, ba gadon wuta ba ganyen darbejiya. A Yamai, Arnaud Cénac ya buga a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, irin ƙarancin da ya haddasa ciwon zuciya a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ƙirga ɗaya cikin haihuwa 102 a rahotonsu na 2007. Sannan Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci rajistar masu ciwon a asibitoci da dama na Najeriya, mata fiye da 400, aka buga a 2020. Arewa maso Yamma ce ta fi yawan masu ciwon, amma abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatun boko, rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Al'adun jego ba su tsaya a matsayin dalili ba idan aka kwatanta da matan da su ma suke wankan amma lafiyarsu ƙalau. Dama tambayar da ya kamata a yi tun farko ke nan: idan mata ɗari sun yi wanka ɗaya ta kamu, me ya bambanta ta da sauran casa'in da tara?

Amsar da ta fi ƙarfi ta fito daga Hanoba ta Jamus a 2007, kuma homon ce, wato sinadari mai yawo a jini irin su istirojin. Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna cewa furolaktin, sinadarin da ke kawo nono, idan zuciya tana cikin matsi, wani sinadari yakan datse shi, guntun da ya rage kuwa guba ne ga ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. A 2012 aka ƙara gano cewa mabiyiya tana fitar da wani sinadari mai hana jijiyoyi tsiro, shi ne kuma wanda ke yawaita a hawan jinin masu ciki, abin da ya yi daidai da abin da aka gani a Kano. A 2016 kuma aka gano kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu ciwon sun gaji lahani a ƙwayar halittar da ke gina tsokar zuciya. Kenan akwai gado, akwai yunwa, akwai guguwar homon, sannan kanwa da zafi su zo su ɗora kaya a kan jakin da dama ya gaji. Karen Sliwa ta gwada maganin buromokiriftin, mai tsayar da furolaktin, kan mata 20 a Soweto, ta buga sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2010. Amma dubi yadda zancen ya sake dawowa kan jini. Wannan maganin ne Amurka ta janye amincewa da shi wajen busar da nono a tsakiyar shekarun 1990 saboda rahotannin shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2018 ta ce kada a ba da shi sai tare da maganin tsinka jini irin su hefarin. Zuciya mai rauni, jinin jego mai kauri, ga magani mai nasa haɗarin: duk hanyoyin sun haɗu a kan gudan jini, wanda idan ya ɓalle daga zuciya ya haura ƙwaƙwalwa sai a wayi gari yarinya 'yar shekara ashirin baki ya karkace, a ce iska ce ta taɓa ta a makewayi.

Wani zai ce ina wanke al'ada ne. A'a. Kanwa mai yawa cuta ce ga mai hawan jini da mai raunin zuciya, ruwan da ke sa fata ta saluɓe ba magani ba ne, kuma zufar da ake tatsa ba tare da shan ruwa ba tana ƙara wa jini kauri. Wanka da ruwa mai ɗumi a sanyin Jos ba laifi ba ne, a rage wuta kawai, a rage kanwa. Abin da nake musu shi ne a ce da an kashe murhu an gama. Matar da aka hana wanka amma ta shiga ciki da rama, ba a taɓa auna jininta ba, tana nan a bakin rami. Kuma al'adar da ke tara uwa da gwaggo da ungozoma a kan mace ɗaya har kwana arba'in ta samar da abin da babu asibitin da zai iya biya, wato idanu a kanta dare da rana a daidai makonnin haɗari. Matsalar ita ce idanun ba su san abin da za su nema ba, sai su ga kumburi da haki su ce jego ne, a ƙara wuta.

Wani kuma zai kama ɗaya ɓangaren ya ce ashe gaskiyar masu ƙin maganin tazarar haihuwa. Lissafi bai goyi bayansa ba. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙiyasta cewa a cikin mata 10,000 da ba sa shan komai, kimanin 2 ne ke samun gudan jini a shekara, masu shan ƙwayar da ke da lebonojestiral 5 zuwa 7, wasu sababbin nau'o'in 9 zuwa 12. Ƙwayoyin yau maikurogiram 20 zuwa 35 na istirojin suke ɗauke da shi, ba 150 ba. Ciki da jego sun fi duk waɗannan haɗari, kuma ga macen da zuciyarta ba ta warware ba, sabon ciki na iya zama ajali. Darasin shi ne a zaɓi irin da ya dace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ƙwaya mai istirojin ga mai shayarwa a mako shida na farko, da mai hawan jini mai tsanani, da wadda ta taɓa samun gudan jini, alhali robar hannu da ta mahaifa ba su da istirojin. Haɗarin yana wurin kemis ɗin da zai miƙo fakiti ba tambaya ba awo.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ungozomar asibiti da za ta ce a Najeriya zubar jini ke kashe mata, ba daskarewarsa ba. Gaskiyarta. Shi ya sa gwajin da aka buga a 2017 kan mata fiye da 20,000, da yawansu 'yan Najeriya, ya nuna amfanin maganin da ke hana gudan jini narkewa, kuma gwajin 2023 da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Amma wannan ma'auni ɗaya ne mai kai biyu. A sa'o'in farko ana tsoron jini ya ƙi tsayawa, daga nan har arba'in ana tsoron ya tsaya inda bai kamata ba. Na farkon kowa yana ganinsa a zane da tabarma, ana rubuta shi a littafin asibiti. Na biyun yana faruwa a gida bayan an sallami mace, kuma da yake ba kasafai ake binciken gawa a wurinmu ba, sai a ce ta tashi za ta kewaya ta faɗi, kwana ya ƙare.

Ko maganin da aka gano a Jamus sai an auna shi da ma'aunin Tudun Wada. Buromokiriftin yana busar da nono, kuma a gidan da ake sayen ruwa a jarka, gwangwanin madarar jarirai ya fi ƙarfin aljihu, ceton zuciyar uwa na iya jefa jariri cikin gudawa da tamowa. Gwaje-gwajen da aka yi kan maganin ƙanana ne har yanzu. Wafarin, maganin tsinka jini mai araha, wanda asalinsa maganin ɓera ne, bai hana shayarwa ba, amma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai kuma yana cutar da ɗan tayi idan aka sake ɗaukar ciki. Jos tana da inda za a ɗauki hoton zuciya da likitocin da za su karanta shi, tun daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, amma sai mace ta isa can tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego a rana ta farko, da ta uku, da tsakanin ta bakwai da ta goma sha huɗu, da kuma a mako na shida. Rana ta bakwai ranar suna ce a gidaje da yawa, ranar da mata suka cika tsakar gida kowa tana leƙa ɗaki. Abin da za a duba ba ya buƙatar na'ura: ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi da ciwo a sha-raɓa, ko duka biyun ne har yatsa yana lotsawa, matashi nawa take tarawa kafin ta iya barci, tana tashi cikin dare tana neman iska a bakin taga, tana tari ko ƙirji yana sukarta idan ta ja numfashi, tana iya hawa ɗan tudun da ke tsakanin ɗakinta da bakin titi ba ta tsaya ta dafa dutse ba.